Ƙaramin jirgin sama na kanka a Damagaram: kuɗin saye ba shi ne matsalar ba

Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune ƙofar gidan kawuna a Zango ana shan shayi, sai ga ƙarar jirgi ƙasa-ƙasa, irin na Majalisar Ɗinkin Duniya ɗin nan masu kai ma'aikatan agaji Diffa da Yamai, kowa ya ɗaga kai har yaron da ke fifita gawayi. Kawu ya bi shi da ido har ya ɓace bayan duwatsu, sannan ya juyo ya ce min, "Kai ɗana, tunda ka taɓa koyon abin nan, in mutum na da hali nawa zai kashe ya sayi ɗan ƙarami nashi na kanshi, ya huta da wuni guda cikin bis?" Na ce "Kawu, ai sayen shi ne mai sauƙi a ciki." Ya yi dariya ya ɗauka zolaya ce. Wallahi da gaske nake, kuma tun ranar maganar ke min yawo a kai shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta dalla-dalla.

Ni dai na yi awa ashirin da ƴan kai ina koyo a wani kulob lokacin da nake karatu a waje, har na kai ga tashi ni kaɗai ba malami a gefe, kuɗi suka yanke min kafin in kai ga lasisi. Abin na raina har gobe. Duk wanda ya taɓa jin lokacin da tayoyi suka saki ƙasa, girgiza ta ɗauke, gidaje suka koma kamar akwatin ashana, ya san ba abin da ake mantawa ba ne. Saboda haka in kun ji ina lissafa wahalhalu kar ku ɗauka ina kashe wa mutane gwiwa ne, so nake abin ya yiwu a garin nan, kuma ba zai yiwu ba sai an san inda gizo ke saƙar.

Mu fara da mutum kafin jirgi. Lasisin matuƙi mai zaman kanshi, wanda ake ce wa PPL, ƙa'idarshi ta duniya OACI, hukumar sufurin sama ta duniya, ce ta shimfiɗa ta, ita kuma ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, a nan gida kuma ANAC, hukumar sufurin sama ta ƙasa, ce ke riƙe da al'amarin. Shekara 17 ne mafi ƙanƙanta, sai likitan da hukuma ta amince da shi ya duba ido da kunne da zuciya da hawan jini, sai awa 40 a sama aƙalla, a Turai 45, a ciki awa 10 kai kaɗai, kuma dole ka yi doguwar tafiya ɗaya ta kilomita 270 ka sauka a filaye biyu daban ka dawo ba kowa tare da kai. Ga jarrabawar takarda, dokokin sama, yanayi, karatun taswira, yadda inji ke aiki, magana da hasumiya ta rediyo, in za ka tsallaka iyaka har Turancin Ingilishi sai an gwada ka. Awa 40 ɗin nan a takarda ne kawai, yawancin mutane sai sun haura 50 ko 60 kafin malami ya yarda ya tura su gwaji, musamman mai zuwa yau ya ɓace wata guda, don hannu na mantuwa. A Faransa kuɗin duka yakan kai wajen euro dubu 10, wato miliyan 6 da rabi na sefa, ban da tikiti da masauki. Muna da EAMAC a Yamai tun 1963, makarantar ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sararin Afirka, amma ita masu kula da zirga-zirgar sama da ƴan meteyo da masu gyaran na'urori take horarwa, ba matuƙa ba. Maƙwabtanmu Najeriya na da makarantar matuƙa a Zariya tun 1964, wasu kuma Afirka ta Kudu suke tafiya.

Wani abu da kawu bai so ji ba: mai PPL ba shi da izinin ɗaukar fasinja don kuɗi. Iyalinka, abokanka, bismillah. Amma ka ce za ka riƙa kai ƴan kasuwa Agadas suna biya don jirgin ya ci da kanshi, wannan wani lasisi ne daban da wasu takardu daban na kamfani. Ke nan tun farko ka sa a ranka abin nan doki ne ba jaki ba, ba ya kawo kuɗi gida, ci yake yi. Mu ƴan Damagaram ai mun fi kowa sanin wannan, mutum ya ɗaure doki shekara guda yana sayen harawa da dawa da kanwa, yana biyan mai kula da shi, don hawan sallah da ƴar sukuwa, kuma ba wanda ya ce mishi mahaukaci. Sha'awa ce, kuma sha'awa halal ce in mutum ya san nauyinta.

To jirgin kanshi. Wanda kowa ke fara ambata Cessna 172 ne, tun 1956 ake ƙera shi, an yi sama da dubu 44, ba jirgin da aka ƙera da yawa kamarshi a duniya. Kujeru huɗu, farfela ɗaya a hanci, fukafukai a sama shi ya sa yake da daɗin kallon ƙasa, na yanzu injinshi ƙarfin doki 180, yana gudun wajen kilomita 220 a awa. Sabo ya haura dalar Amurka dubu 400, sama da miliyan 200 namu ke nan, tsoho na shekarun 1970 kuma ana samu ƙasa da haka sosai, kuɗin da bai fi na babbar mota sabuwa irin wadda manyan Alhazai ke shiga ba. Shi ya sa na ce saye ba shi ne ba, akwai mutane a Zinder da za su iya biya gobe da safe. A yi mishi rajista a liƙa mishi 5U a jiki, alamar Nijar, shi ke nan ka zama mai jirgi.

Sai ka zo zuba mai. A nan ne yawancin mafarkin ke tsayawa. Injin irin wannan jirgi ba esansin mota yake sha ba, ba kuma kananzir ɗin manyan jirage ba, wani mai ne na daban da ake ce wa avgas 100LL, shuɗi ne kamar an zuba mishi bula, akwai dalma a ciki. Matatar SORAZ da ke nan kan hanyar Tanut tun 2011 tana ba mu esansi da gazuwal da gas, amma ba ta yin wannan, kuma a duk yankinmu na Afirka ta Yamma abu ne mai wuyar samu, sau da yawa a tano ake shigo da shi daga nesa, ka biya kuɗin mai ka biya na mota ka biya duwan, sannan ka nemi inda za ka ajiye shi cikin zafin nan ba tare da ya lalace ko ya ja maka gobara ba. Jirgin na shan lita 30 zuwa 38 duk awa. Mu yi lissafin zuwa Yamai: ta hanya kusan kilomita 900 ne, ta sama wajen 750, awa uku da rabi ke nan, lita 120 da wani abu. Tankin lita 200 yake ɗauka. Ka je lafiya, amma ba za ka dawo da abin da ya rage ba, dole sai akwai wani tano na jiranka can, kuma in lokacin hunturu ne iskar arewa maso gabas da ta tura ka wajen tafiya ita za ta tare ka wajen dawowa, awa uku da rabi ta koma huɗu da wani abu. Ba a tsayawa gefen hanya a sayi kwalba biyu.

Mafita biyu ake da su kuma duk wanda ke tunanin jirgi a ƙasar nan daga nan ya kamata ya fara, tun kafin ya kalli fenti ko kujeru. Ta farko injin dizal na jirgi mai shan kananzir ɗin Jet A-1, irin wanda kamfanin Diamond na Ostiriya ke sa wa DA40 da DA42, shi wannan man ana samunshi duk inda manyan jirage ke sauka, sai dai jirgin da tsada kuma injin cike yake da lantarki, ba kowane makanike ke taɓa shi ba. Ta biyu ƙananan jirage masu kujera biyu da Faransawa ke ce wa ULM, masu injin Rotax 912, wanda ke shan esansin mota lita 15 zuwa 18 a awa. Da lita a 499 kamar yadda aka mayar da shi a 2024, man awa guda bai kai jika goma ba. Amma a kula, mai ƙarfin doki 100 yana son esansi mai lamba 95, mai doki 80 shi ne ke haƙuri da wanda bai kai haka ba, kuma ko wanne ne ba ruwanshi da man bakin titi na cikin kwalba da bido, sai mai tsabta an tace shi.

Maganar tsabtar mai ta tuna min malamina. Kullum kafin mu tashi sai ya miƙo min wani ɗan kofi mai tsinke a tsakiya, in durƙusa ƙarƙashin fiffike in tsiyayo mai kaɗan in ɗaga shi sama ina kallo a hasken rana. Ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi za ka ga ɗan ƙwallo fari kwance a gindin kofin ƙarƙashin shuɗin. Wata safiya na gan shi, bai fi ƙwayar gero biyu ba, muka yi ta tsiyaya har ya ɗauke. Daga nan a zagaya jirgin da ƙafa, a taɓa kowane maɗauri, a shafa bakin farfela ko dutse ya ɓantare ta, a ja sandar baƙin mai a duba, a leƙa wani ɗan bututu da ke ƙarƙashin fiffike wanda shi ke gaya maka gudun da kake yi. Ramin bututun nan bai fi na alƙalami ba, kuma ku da kanku kun san aikin zanzaro a garin nan, duk ramin da ya gani sai ya cika shi da laka, jirgi ya kwana biyu a waje ba murfi ya isa. Ka tashi agogon gudu na maka ƙarya, alhali da shi kake sanin ko fukafukan na gab da daina ɗaukarka. Ƙwaro ɗaya. Ga ɓeraye masu cin waya, ga tsuntsaye masu sheƙa cikin murfin inji, ga rana mai cinye roba da fenti, shi ya sa rumfar ajiya mai ƙofa ba ado ba ce.

Sai iska. Mutane na ɗauka tunda ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce sama kuma tas, to ai nan ne aljannar ƙaramin jirgi. Rabin gaskiya ne. Filin jirgin Zinder na kan tudu wajen mita 460 daga teku, a lissafin masu jirgi zafin da ya dace da wannan tudu digiri 12 ne, mu kuma a watan Afrilu da Mayu muna ganin 42 da rana tsaka. Iska in ta yi zafi sai ta yi sakayau, inji bai samun abin shaƙa sosai, farfela da fukafukai ba su samun abin kamawa, sai jirgin ya riƙa ji kamar daga kan dutse mai tsawon mita 1,500 yake tashi, ƙarfin inji ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100, ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, in ya ɗaga ma hawa yake kamar tsohon kamiyo da lodi. Kuma kujeru huɗun nan akwai magana. Duk abin da 172 ke iya ɗauka, mai da mutane da kaya, wajen kilo 400 ne, cikakken tanki ya cinye 145, saura 250 da ƴan kai. Manya uku ke nan ba jaka. Mu kuma da al'adarmu ta a ƙara mutum ɗaya ai ba komai, a ɗora buhun nan ai tsaraba ce, to a nan ba kunya, sikeli ke magana, matuƙin da bai iya ce wa surukinshi a'a ba bai kamata ya riƙe jirgi ba. A bazara tashin asuba ake yi, kafin tara ko goma ka sauka, in ba haka ba ko ba nauyi iskar zafi mai tasowa daga ƙasa za ta yi ta wurgi da kai har fasinja ya yi amai.

Hazo shi ya fi ba ni tsoro. Mai PPL da ido yake tuƙi, dokar VFR ke nan, a ƙa'ida yana son ganin kilomita 5 gabanshi. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi takan rufe mu har ganin ya koma ƙasa da kilomita ɗaya, wani lokaci kwana uku huɗu a jere, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne a sama in layin da ya raba ƙasa da sama ya ɓace maka, jikinka ƙarya yake maka, kunnenka na ciki ya ce a miƙe kake alhali jirgin ya karkata yana gangarawa, kai kuma ka rantse daidai kake. Haka ɗan tsohon shugaban Amurka, John Kennedy ƙarami, ya mutu a Yulin 1999 da matarshi da ƴar'uwarta, cikin jirginshi na kanshi mai lafiya, da dare cikin hazo a kan teku. Ba kuɗi ya rasa ba. Mu ma nan gida filin jirgin Agadas sunan Mano Dayak yake ɗauke da shi, jagoran Abzinawan da ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgi cikin Ayar a Disamban 1995. Damina kuma nata salon daban, hadari ya taso daga gabas kamar bango, ja a ƙasa baƙi a sama, iska a gabanshi mai ɗaga rufin kwano, wannan ko manyan jirage kauce mishi suke. In ka cire kwanakin hazo da na hadari da tsakar ranar bazara, za ka ga jirgin nan ba abin da za ka ɗaura wa alƙawarin ɗaurin aure ba ne. Mafi yawan waɗanda abin ke ritsawa da su masu cewa dole yau in isa ne.

Gyara kuma ba irin na garaji ba ne da za a ce a ɗaure da waya a lallaɓa. Bidanji duk awa 50, babban dubawa duk awa 100 ko duk shekara, kuma sai makanike mai lasisin jirgi ya sa hannu a kundin jirgin, in ba sa hannu jirgin bai da izinin tashi ko da lafiyarshi ƙalau. Kowane ƙarfe da takardar shaidarshi yake zuwa daga waje. Injin Lycoming, irin na 172, awa 2,000 ko shekara 12 kamfanin ya ba shi kafin a kwance shi gaba ɗaya a sabunta, aikin da ke cin dalar Amurka dubu 30 zuwa sama, ke nan duk awar da ka tashi ka ware wajen jika goma ka ajiye don wannan ranar. Ga ƙurarmu da ke shiga ko'ina tana cin inji kamar faranti da toka. Ga asiransi. Ga kuɗin sauka da na ajiya. Ga takardar shirin tafiya da za ka ajiye kafin ka tashi, ga izini, don halin tsaron da muke ciki ba wasa ba ne, Diffa na cikin dokar ta-ɓaci tun 2015, a Agustan 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar baki ɗaya kusan wata guda, kuma ni ban ga laifin jami'in da ya ga ƙaramin jirgi na shawagi ya nemi sanin na wane ne ba. Kano da ke nan kusa da mu ma fita ƙasar waje ce, da duwan da ƴan sanda da izinin shiga.

Yanzu ga inda nake son a tsaya a yi tunani. Yawancin kuɗin nan, rumfa da asiransi da dubawar shekara da kawo makanike, ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba sai ka biya. Mu ce misali miliyan 6 ne a shekara. In kai kaɗai ne kana tashi awa 50, kowace awa ta ci maka jika 120 kafin ka zuba ɗigon mai. In mutum goma ne suka haɗa ana tashi awa 300, ta koma jika 20. Kuma jirgi zama ke kashe shi, injin da ke aiki kullum ya fi wanda ke kwance daɗewa, shi ma matuƙin haka, doka ma ta ce in ba ka yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 ba kar ka ɗauki kowa. Faransa da ke da kulob wajen 600 ba don kowa attajiri ne ba, malamin makaranta da ma'aikacin gidan waya ne suka haɗa kuɗi suka sayi jirgi ɗaya suna karɓa-karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu da muka iya adashe da asusun ƙungiya ba wanda zai koya mana wannan.

Shi ya sa ni a ganina Alhajin da zai sayo jirgi mai kujera huɗu shi kaɗai don a ce yana da shi, cikin shekara biyu zai zama kwanon da awaki ke shan inuwa ƙarƙashinshi. Abin da zai yi aiki a Zinder ƙungiya ce mai rajista, a je wa ANAC da hukumomin tsaro tun ranar farko da takardu a hannu a ce ga mu ga abin da muke so, a fara da ɗan mai kujera biyu mai shan esansi, a gina rumfa, kuma kafin a sayi jirgin ma a tura yaro ɗaya ya koyo gyara ɗaya ya koyo koyarwa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Amfanin ba shawagi kaɗai ba ne. Da ƙananan jirage ake ƙidayar namun dajin Termit, da su ake kai likitoci asibitin Galmi, kuma kusan kullum baƙo ne a kujerar hagu, ta matuƙi. Ina son ɗan Birni ko ɗan Garin Malam ko ɗalibar jami'ar André Salifou su zauna a kujerar nan, su ga tafkin Gidimuni da lambunan Mirya daga sama da safe bayan an sha ruwa, kore shar, fadar Sarki da ganuwar duwatsu a gefe. Yaron da ya ga wannan yana da shekara 15 ba sai an roƙe shi ya yi lissafi da kimiyya ba.

Da na gama zuba duk wannan, shayi har ya kai na uku, kawu ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce "To mutum nawa ka ce ana so?" Na ce goma, Kawu, ko takwas ma a fara. Ya shiga lissafa abokanshi na Kasuwar Dole da yatsu, ya kai huɗu ya tsaya. Ya ce "Ka rubuta min lissafin nan a takarda in nuna musu. Ni dai dokina ya ishe ni, ba inda za ni, amma autana kullum kanshi na sama, in abin ya tabbata shi za ka fara ɗauka."